Tabarmar Mota: Lokacin Gyara, Lokacin Sauyawa, da Darasin Kiranyen Toyota

Tabarmar mota, wadda direbobi da kanikawa ke kira kafet ko futmat, ita ce shimfiɗar da ake ɗorawa a inda ƙafafun direba da na fasinja ke sauka. Aikinta na fili shi ne tare ƙura da laka da ruwa, don kada su kai ga kafet ɗin da aka ƙero motar da shi, ko ga ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Galibin masu mota suna lissafa ta cikin kayan ado, sai ta yage ko ta fara wari sannan a tuna da ita.

Wannan lissafin ya yi daidai da tabarmar fasinja da ta baya, amma bai yi daidai da ta direba ba. Ita tana kwance ne 'yan santimita kaɗan daga totur da birki da kuloci. Idan ta zame ta yi gaba, ko bakinta ya naɗe, ko aka ɗora ta a kan wata, tana iya riƙe totur a ƙasa bayan direba ya ɗage ƙafarsa, ko ta shiga ƙarƙashin birki ta hana shi sauka. Irin wannan ya taɓa cin rayuka a Amurka, ya jawo kiranyen miliyoyin motoci, kuma da yawa daga samfuran da abin ya shafa su ne suka cika titunan Najeriya a yau.

Yadda ƙasan mota yake

Ƙasan ƙaramar mota hawa-hawa ne. Na farko shi ne farantin ƙarfe na jikin motar. A kansa akwai wani abu mai kama da kwalta da ke rage ƙara da jijjiga, sai soso ko auduga mai kauri, sai kafet ɗin kamfani wanda aka matse shi daidai da surar ƙasan. Tabarma ce ta ƙarshe, kuma ita kaɗai aka yi don a riƙa cirewa ana mayarwa. Tsakanin waɗannan hawa ne wayoyin lantarki da dama ke bi, ciki har da na jakar iska mai kare fasinja a lokacin haɗari.

Tabarmin da ake samu a kasuwa iri huɗu ne. Akwai ta zare, mai roba a bayanta, wadda yawanci ke zuwa da mota. Akwai ta roba mai kwari da gefe, mai riƙe ruwa da laka. Akwai wadda ake kira gama-gari, wadda ba a auna ta da wata mota ba, sai mai saye ya yanka ta da almakashi. Sannan akwai mai kama da fata, mai ɗinki, wadda ke rufe ƙasan gaba ɗaya har ta hau gefe. Ta asali da aka yi wa mota tana da huji ɗaya ko biyu a ɓangaren da ke kusa da kujera, inda ƙugiya ko maɓallin da ke jikin ƙasan motar ke shiga ya riƙe ta. Wannan ƙugiya ita ce abu mafi muhimmanci a duk tsarin, kuma ita ce aka fi yawan rasawa a motocin da suka sha hannu.

Abin da ke cinye ta

Tabarmar direba ta fi saurin lalacewa saboda dunduniyar ƙafar dama tana juyawa a wuri ɗaya, tsakanin totur da birki, dubban lokuta a tafiya guda. Yashi da ƙurar hunturu da suka shige cikin zaren suna goge shi kamar yadda ake goge katako, har wurin ya yi sanƙo, daga baya ya huje. Da damina kuma laima ce ke ruɓar da zare da ɗinkin baki. Zafin da ke taruwa cikin motar da aka ajiye a rana yana busar da roba mai araha, ta ƙage, ta tsage, bakinta ya ɗaga sama. Yawan cirewa a wurin wankin mota, musamman idan ana fizgo ta ba tare da an kwance ƙugiya ba, shi ke yaga hujin ko karya ƙugiyar.

Haɗarin da ya sauya lissafi

A ranar 28 ga Agusta, 2009, wani jami'in 'yan sandan kula da manyan hanyoyi na jihar Kalifoniya yana tuƙa Lexus ES 350 a kusa da birnin San Diego, tare da matarsa da 'yarsu da ɗan'uwan matar. Motar aro ce da dillali ya ba shi yayin da ake duba tasa. Ta ɗauki gudu ta ƙi tsayawa, har ta haura kilomita 160 a sa'a, kuma ɗaya daga cikinsu ya kira lambar agaji yana shaida cewa totur ya maƙale. Duka huɗun sun mutu.

Bincike ya gano cewa tabarmar robar da ke ƙarƙashin ƙafar direban ba ta wannan motar ba ce. Ta Lexus RX 400h ce, ta fi tsawo, kuma ba a ɗaure ta da ƙugiya ba. Bakinta ne ya danne totur. An kuma gano cewa kwanaki kaɗan kafin nan wani da ya ari motar ya gamu da irin matsalar, ya kai ƙorafi, amma ba a cire tabarmar ba. Ƙwararren direba ne ke riƙe da sitiyari a ranar, abin da ya sa ba a iya ɗora laifin a kan rashin iya tuƙi ba.

Matsalar ba sabuwa ba ce ga kamfanin. Tun a 2007 Toyota ya yi kiranyen tabarmin roba kimanin 55,000 na Camry da ES 350, bayan ƙorafe-ƙorafen da suka kai ga hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA. Wata takardar cikin gida da ta fito fili a 2010 ta nuna cewa jami'an kamfanin sun lissafa wannan taƙaitaccen kiranye a matsayin nasara, domin ya rage musu kashe kusan dala miliyan 100.

Bayan haɗarin San Diego, a ƙarshen Satumban 2009, an shawarci masu motoci miliyan 3.8 da su cire tabarmar direba baki ɗaya har sai an samo gyara. A Nuwamba adadin ya kai kusan miliyan 4.2, a Janairun 2010 aka ƙara miliyan 1.1, a Fabrairun 2011 kuma aka ƙara wasu miliyan 2.17. Gyaran da kamfanin ya yi ya haɗa da rage tsawon totur da kimanin santimita 2, sauya tabarmin roba da sabon ƙira, gyara shimfiɗar da ke ƙarƙashin totur a wasu samfuran, da sanya manhajar da ke sa inji ya rage ƙarfi idan aka taka birki da totur a tare. Wannan daban yake da kiranyen motoci miliyan 2.3 na Janairun 2010, wanda ya shafi totur mai liƙewa da kansa.

A ranar 24 ga Fabrairu, 2010, shugaban kamfanin, Akio Toyoda, ya bayyana gaban kwamitin majalisar wakilan Amurka ya nemi gafara. A Fabrairun 2011 binciken da injiniyoyin hukumar NASA suka gudanar bai gano lahani a na'urorin lantarkin motocin ba, abin da ya mayar da hankali kan tabarma, totur mai liƙewa, da kuskuren taka totur a maimakon birki. A Disamban 2012 an ci kamfanin tarar dala miliyan 17.35 saboda jinkirin bayyana matsalar tabarma a Lexus RX na 2010. A Maris ɗin 2014 kuma ya amince ya biya dala biliyan 1.2 ga ma'aikatar shari'ar Amurka, ya kuma amsa cewa ya yaudari masu saye game da matsalolin. A lokacin, ita ce tara mafi girma da aka taɓa ɗora wa kamfanin mota a shari'ar laifi a ƙasar. Ɗan hakin da aka raina shi ya tsone ido.

Inda abin ya shafi Najeriya

Jerin motocin da aka yi wa kiranye kan tabarma sananne ne ga duk mai zuwa wurin dillalan mota a Kano ko Kaduna ko Abuja. Akwai Camry daga 2007 zuwa 2010, wadda ake wa laƙabi da Muscle, da Avalon daga 2005 zuwa 2010, da Lexus ES 350 daga 2007 zuwa 2010, da Corolla, Matrix, Venza da Pontiac Vibe na 2009 da 2010, da Highlander daga 2008 zuwa 2010, da RAV4 daga 2006 zuwa 2010. Wani rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa.

A Amurka wasiƙar kiranye tana bin adireshin wanda motar ke rajista da sunansa. Da zarar an sayar da mota a gwanjo an loda ta a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, wannan igiya ta tsinke. Dokar tarayyar Amurka ba ta tilasta wa masu sayar da motocin hannu su kammala gyaran kiranye kafin su sayar ba, don haka mota tana iya isowa da totur ɗinta na asali. A nan kuma abu na farko da sabon mai mota ke yi sau da yawa shi ne sayen tabarmar roba mai kauri ya ɗora a kan wadda motar ta zo da ita, don kada ta yi datti. Wannan shi ne ainihin haɗin da aka yi gargaɗi a kansa a 2009.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai ƙera kaya ko mai rarraba su ya sanar da jama'a ya kuma janye kayan da aka gano suna da haɗari. Sai dai motar da ɗan kasuwa ya sayo a gwanjo ba ta bi ta hannun wakilin kamfani ba, kuma babu sunan mai ita a kundin kowa. Binciken da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da na VIO ke yi a kan hanya ya fi karkata ga takardu, taya, fitila da birki. Nauyin duba abin da ke ƙarƙashin ƙafa ya koma kan mai mota.

Hanyar da ta rage masa ita ce lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Shafin NHTSA yana nuna kiranyen da ba a gyara ba kyauta, amma yawanci na shekaru 15 da suka gabata kawai. Ga tsofaffin samfura, shafukan Toyota da Lexus na Amurka suna da nasu wurin binciken.

Abin da ake iya gyarawa

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Tabarmar fasinja da ta baya ana iya gyara su muddin gyaran ya fi sabuwa araha. Ta direba ana gyara ta ne kawai idan bayan gyaran za ta kwanta lafau, ta zauna a ƙugiyarta, kuma kaurinta bai ƙaru ba a kusa da totur.

Datti da wari ba sa buƙatar sabuwa. A fitar da ita, a kaɗe yashi, a wanke da sabulu da buroshi, a ɗauraye sosai, a bar ta ta bushe ƙarau kafin a mayar. Tabarmar da aka mayar da laima ita ce mafarin wari da tsatsa. Ba a shafa wa ta roba man ƙyalli irin na taya, domin yana sa ta santsi, ya kuma bi tafin takalmi ya hau birki.

Sanƙon dunduniya ana rufe shi da faci. Masu ɗinkin kujerun mota suna yanka siririyar roba ko ledar kushin, su manna da gam mai ƙarfi, su bi gefen da ɗinki. Gam kaɗai ba ya jure zafin cikin mota, kuma facin da bakinsa ya ɗaga yana kama dunduniyar takalmi a daidai lokacin da ƙafa ke komawa birki. Idan wurin ya riga ya huje, ana ƙara wani facin ta baya. Bakin da ya warware ana sake naɗe shi da tef na ɗinki. Ƙaramar tsaga a tabarmar roba mai facin taya yana iya rufe ta daga ƙasa.

Ƙugiyar da ta karye ana samun madadinta a kasuwannin kayan gyara irin su Kofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja ko Ladipo a Legas, sau da yawa daga motar da aka yanka. Hujin da ya buɗe ana iya sa masa sabon zobe idan zaren da ke kewaye da shi yana da sauran ƙarfi.

Abin da ba ya gyaruwa

Tabarmar direba ta kai a jefar idan hujin ƙugiya ya yage har baki, ko bakinta na gaba ya naɗe ya ƙi kwanciya, ko robar bayanta ta ƙage tana farfashewa, ko ƙananan haƙoran da ke riƙe kafet sun goge har tana zamewa da ƙafa. Haka nan idan ramin dunduniya ya yi girman da takalmi ke faɗawa ciki. Wadda ba a yi ta don motar ba, kuma ta kai ƙarƙashin totur, ita ma a cire ta ko da sabuwa ce. Tuƙi babu tabarma ya fi tuƙi da wadda ke yawo. Kwali, guntun kafet ɗin ɗaki da ledar shimfiɗa, waɗanda ake yawan gani a motocin haya, babu abin da ke riƙe su, don haka ba su da gurbi a ɓangaren direba.

Yadda ake zaɓen sabuwa

Wadda aka auna da samfurin motar da shekararta ita ce ta fi, domin ko a kamfani ɗaya tsawon ƙasan mota da wurin ƙugiya sun bambanta. Tabarmar motar da aka yi wa ƙasashe masu sitiyari a dama, kamar Ingila da Japan, ba ta dacewa da ɓangaren direba a nan. Idan ta gama-gari ce kaɗai ake iya saye, a yanka ta har ta bar sarari a kewayen totur, a huda ta daidai ƙugiya. Mai kama da fata da ke hawa gefe tana buƙatar kulawa ta musamman, domin kaurinta da tsayinta suna iya kaiwa bayan totur.

Kafin a sa sabuwa a cire tsohuwa. Ba a ɗora biyu, ba a kuma kifa ta. Bayan an ɗaure, inji a kashe, a taka totur har ƙasa a sake shi sau da yawa, a ga ko yana dawowa nan take ba tare da ya taɓa komai ba. A yi haka da birki da kuloci. A tura tabarmar gaba da ƙafa da ƙarfi, a ga ko za ta motsa. A maimaita wannan gwaji duk lokacin da mota ta dawo daga wanki ko gareji, domin nan ne aka fi musanya tabarmi ko mayar da su ba a ɗaure ba.

Abin da ke ɓoye a ƙarƙashi

Ɗaga tabarma dama ce ta duba lafiyar mota. Laima a ɓangaren fasinja yawanci daga toshewar bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya mota take. Ruwa mai santsi da ɗan ƙamshin zaƙi alama ce ta yoyon ruwan lagireto daga na'urar ɗumama ciki. Tabon mai a ƙarƙashin kuloci yana nuna famfonsa na zuba. Robar ƙofa ko ta gilashi da ta mutu ita ma tana shigar da ruwan sama. Sauya tabarma ba tare da toshe hanyar ruwan ba asarar kuɗi ce.

Ga mai shirin sayen mota, ƙasan yana ba da labarin da dillali ba zai bayar ba. Busasshiyar laka a ƙarƙashin soso, tsatsa a kusoshin kujera da layin dogonta, warin ruma da aka rufe da turare, ko sabon kafet fil a tsohuwar mota, duk alamun motar da ambaliya ta taɓa shanyewa ne. Irin waɗannan motoci suna cika gwanjon Amurka bayan manyan guguwa, kamar Katrina a 2005 da Harvey a 2017, kuma matsalarsu ta lantarki takan bayyana ne bayan watanni.

Idan tsatsa ta huda farantin ƙarfen, tabarma ba magani ba ce. Ramin yana iya shigar da hayaƙin salansa, wanda ke ɗauke da iskar kabon monoksaid marar launi marar wari, mai sa ciwon kai da barci, mai kuma kisa. Aikin mai walda ne, bayan an cire kafet da soso, an cire kan batir, an kuma tabbatar da inda bututun mai ya bi. Sauya kafet ɗin kamfani gaba ɗaya yana buƙatar cire kujeru, kuma a nan ma dole a cire batir kafin a taɓa wayoyi masu rawayan soket, domin na jakar iska ne.

Idan totur ya maƙale a kan hanya

Shawarar da hukumomi da kamfanin suka bayar a 2009 ba ta sauya ba. Direba ya taka birki da ƙarfi, da ƙafa biyu idan ta kama, ya riƙe shi ba tare da ɗagawa da sake takawa ba, domin hakan yana ƙarar da iskar da ke ba birki ƙarfi. Ya mayar da giya firi, wato harafin N, ko ya taka kuloci idan motar mai giyar hannu ce. Inji zai yi ƙara sosai, amma ƙarfinsa ba zai kai ga taya ba. Sai ya gangara gefen hanya, ya tsaya, sannan ya kashe. Idan giyar ta ƙi shiga firi, a kashe injin: mai makulli a murɗa shi mataki ɗaya baya ba tare da zare shi ba, don kada sitiyari ya kulle, mai maɓalli kuma, a Toyota da Lexus na wancan zamani, sai an danne shi na daƙiƙa uku. Kashe inji yana sa sitiyari da birki su yi tauri, amma suna ci gaba da aiki.

Bayan mota ta tsaya, abu na farko da za a duba shi ne tabarma. Idan ita ce, a cire ta a jefa a but, kada a gyara mata zama a ci gaba da tafiya.